Kansar hanji: mene ne gaskiyar labarin haɗa magungunan da ke tayar da sojojin jiki?



Akwai wani labari da ke yawo a wayoyi, ya lafa ya sake tasowa: wai an samo maganin kansar hanji a Amurka, an yi wa mutane allura, duka sun warke, ba tiyata ba komai. Wanda ba shi da mara lafiya zai ce madalla ya wuce. Wanda kuwa mahaifinsa ke kwance a ɗaki yana ramewa, daga ranar barci ya ƙaurace masa. Zai fara lissafin gona, da shanun da suka rage, da ɗan'uwan nan da ke Faransa ko Kodebuwa wanda za a kira a ce ya taimaka.

Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware zancen daki-daki. Labarin na da tushe, ba ƙarya ba ne. Sai dai kansar hanji iri biyu ce a wurin wannan magani. Iri ɗaya na jin sa sosai. Ɗaya irin, wanda shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba, har yanzu gwaji ake yi a kansa, kuma kaɗan daga cikin marasa lafiyar ne suka amfana. Wanda bai san wane iri ne ke jikin mara lafiyarsa ba, yana iya sayar da abin da ya mallaka a kan maganin da ba zai yi masa aiki ba.

Wace cuta ce wannan?

Abincin da muka ci yana bi ta tumbi da ƙaramin hanji, sannan ya faɗa babban hanji, inda jiki ke tsotse ruwa, abin da ya rage ya taru a ƙarshen hanjin kusa da dubura kafin ya fita. Kansar da muke magana a kai, wadda wasu ke cewa sankara ko ciwon daji, a wannan babban hanjin ko ƙarshensa take fitowa. Yawanci tana farawa ne da ɗan tsiro ƙarami a bangon hanji, wanda ba ya ciwo, yana iya yin shekaru kafin ya rikiɗe ya zama mugun ƙari.

Ƙididdigar hukumar binciken kansa da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mutane kusan miliyan 1 da dubu 900 ne suka kamu da ita a duniya, fiye da dubu 900 kuma suka rasu. Ita ce ta uku wajen yawa a cikin kansoshi, ta biyu wajen kisa.

Likitoci na raba ta mataki huɗu. A mataki na farko da na biyu tana nan cikin hanji. A na uku ta kai ga ƴan kaluluwar da ke kewaye. A na huɗu ta bi jini ta yi sansani a wani wuri, galibi hanta ko huhu. Wannan na huɗun shi ake nufi idan aka ce cutar ta yi nisa. A Amurka, inda ake da kayan aiki, kimanin mutum 9 cikin 10 da aka gano tasu tun tana cikin hanji suna nan da rai bayan shekara biyar. Waɗanda tasu ta bazu kuwa, ba su kai 2 cikin 10 ba. Wannan tazarar ce ta sa masu bincike ke ta neman sabuwar hanya.

Sojojin jiki da dabaibayinsu

Kowa ya ji ana cewa garkuwar jiki. A cikin jininmu akwai wasu fararen ƙwayoyi, mu kira su sojojin jiki, da ke sintiri dare da rana. Aikinsu kamar na jandarma ne a bariya: duk ƙwayar da suka tarar sai sun duba takardarta. Ta gida ta wuce, baƙuwa ko wadda ta lalace a kashe ta.

To soja mai bindiga in ba shi da mai tsawata masa, wata rana ƴan gari zai harba. Saboda haka Allah ya halicci waɗannan sojoji da abin da ke taka musu birki. Biyu daga cikin waɗannan birkuna su ne suka shafi zancenmu. Na farko ana kiran sa CTLA-4, yana aiki ne tun a bariki, wato cikin kaluluwa, inda ake horar da sojojin. Shi ke hana a fitar da su da yawa. Na biyu ana kiran sa PD-1, yana aiki a fagen daga. Sojan ya iso gaban ƙarin, sai ƙwayar kansa ta miƙo masa takardar jabu, ta taɓa wannan birkin, ya sauke bindiga ya tsaya yana kallo.

Wani malamin jami'ar Kyoto a Japan, Tasuku Honjo, shi ya gano PD-1 a 1992. Wani Ba'amurke kuma, James Allison, ya nuna cewa idan aka toshe CTLA-4 sojojin na afka wa kansa. A 2018 aka ba su kyautar Nobel tare. Daga aikinsu ne aka samo waɗannan magunguna, da ake sakawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa, duk bayan ƴan makonni.

Ga bambancinsu da shimiyo, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke cewa kemo. Shimiyo guba ne da ke kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa. Wannan sabon kuwa ba ya kashe kansa da kansa. Dabaibayin kawai yake kwancewa, sojojin jikin mutum su yi yaƙin. Idan aka ce an haɗa magani biyu, ana nufin a kwance na bariki a kwance na fagen daga lokaci guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ɓarawo mai baƙin kaya da ɓarawo mai kayan gari

Kwance dabaibayi ba ya da amfani idan sojan bai gane ɓarawon ba. A nan ne kansar hanji ta rabu biyu.

A cikin kowace ƙwaya ta jikinmu akwai rubutun gado, wanda ake kwafewa duk lokacin da ƙwayar za ta rabu biyu. Kamar mai kwafar littafi da hannu ne, dole wani lokaci alƙalami ya zame. Don haka akwai masu bin baya suna gyara kuskure. A wasu kansoshin, waɗannan masu gyaran sun daina aiki. Kurakurai sai su taru dubbai, ƙwayar kansar ta fito da kama wadda ba ta yi kama da ta kowa ba, kamar baƙon da ya shigo kasuwar ƙauye da shigar da ba a taɓa gani ba. Sojoji na hango shi daga nesa. A takardar analiz ana rubuta wannan iri da haruffan MSI ko dMMR.

A sauran kansoshin kuwa masu gyaran na nan suna aikinsu. Ƙwayar kansar ta yi kama da ƴan gari, ta sa riga irin tasu, tana magana irin tasu. Ko an saki sojojin, wucewa suke yi ta gabanta. Ana rubuta wannan iri da MSS ko pMMR. Likitoci kan ce masa ƙari mai sanyi, amma ba sanyin nan da muka sani na ciwon gaɓoɓi ba ne, nufinsu sojoji ba su taru a cikinsa ba.

A ƙasashen Turawa, cikin mutum 100 masu kansar hanji, kimanin 15 ne ke da irin MSI. Idan aka ɗauki waɗanda tasu ta riga ta bazu kawai, ba su wuce 4 ko 5 cikin 100 ba. Sauran 95 ɗin duka MSS ne. A riƙe wannan lissafin, don shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Inda abin ya yi kyau

Labarin da ke yawo a wayoyi daga wani babban asibitin kansa na birnin New York ya samo asali, mai suna Memorial Sloan Kettering. A watan Yunin 2022, likita Andrea Cercek da abokan aikinta suka ba da rahoton mutum 12 masu kansar ƙarshen hanji da aka ba wa maganin dostarlimab na wata shida. Duka 12 ɗin aka duba ba a ga ƙarin ba. Gaskiya ne. Abin da masu tura bidiyon ba sa faɗa shi ne, dukansu irin MSI gare su, kuma cutar ba ta bazu zuwa hanta ko huhu ba.

Ga waɗanda tasu ta bazu kuma irin MSI ce, wani likita na asibitin Saint-Antoine da ke Paris, Thierry André, ya jagoranci manyan gwaje-gwaje biyu. A na farko, da aka fitar a 2020, an kwatanta magani ɗaya mai suna pembrolizumab da shimiyo. Rabin waɗanda suka karɓi sabon maganin sun kai wata 16 da rabi cutar ba ta ci gaba ba, alhali a ɓangaren shimiyo wata 8 ne da ƴan kwanaki. A na biyu, da aka fitar a 2024, an haɗa biyu: nivolumab mai kwance PD-1 da ipilimumab mai kwance CTLA-4. Bayan shekara biyu, 72 cikin 100 na waɗanda aka ba haɗin suna raye cutar ba ta ci gaba ba. A ɓangaren shimiyo 14 ne cikin 100. Tarayyar Turai ta amince da wannan haɗin a ƙarshen 2024, Amurka kuma a 2025. Ga masu irin MSI, wannan haɗin ya fita daga sahun gwaji, ya zama magani da likita zai iya rubutawa.

A Amsterdam ta ƙasar Holan ma, likita Myriam Chalabi ta ba da wannan haɗin na ƴan makonni kafin tiyata ga masu irin MSI da tasu ba ta bazu nesa ba. Da aka yanko hanjin aka duba, a cikin mutum 111, kashi 68 cikin 100 ba a samu ƙwayar kansa mai rai ko ɗaya ba.

Inda ake fama har yanzu

To ina sauran 95 ɗin? Su ne masu bincike ke ta kai-komo a kansu, kuma an sha faɗuwa. An gwada magani ɗaya shi kaɗai, kusan bai yi komai ba. Aka haɗa atezolizumab da wata ƙwaya mai suna cobimetinib, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna bai fi tsohon magani ba. Aka haɗa pembrolizumab da lenvatinib a kan mutum 480: rabin masu haɗin sun rayu wata 9.8, na ɗaya ɓangaren wata 9.3. Bambancin bai taka kara ya karya ba.

Haɗin da aka fi magana a kansa a ƴan shekarun nan shi ne na botensilimab da balstilimab, na wani kamfanin Amurka mai suna Agenus. Balstilimab irin masu kwance PD-1 ne da aka saba. Botensilimab kuwa mai kwance CTLA-4 ne da aka yi wa ƙarin gyara, ta yadda bayan kwance dabaibayin zai kuma zaburar da masu horar da sojoji, ya rage wasu ƙwayoyi da ke zama cikin ƙarin suna kashe wa sojojin gwiwa. Manufar ita ce a sa su gane ɓarawon nan mai kayan gari.

A 2024 mujallar Nature Medicine ta buga sakamakon matakin farko na gwajinsa, wanda likita Andrea Bullock ta birnin Boston da abokan aikinta suka gudanar. Marasa lafiyar duka irin MSS gare su, cutar ta bazu, kuma an riga an gwada musu magunguna kala-kala sun daina aiki. Cikin mutum 101 da aka iya auna sakamakonsu, 17 ƙarinsu ya ragu sosai. Idan aka haɗa da waɗanda nasu ya tsaya bai ƙaru ba na wani lokaci, sun kai 61 cikin 100. Wasu daga cikin waɗanda ya yi wa aiki kuma, amfanin ya daɗe.

Mutum 17 cikin 101. Ga likitan da ya saba ganin sifili a irin waɗannan marasa lafiya, wannan babban labari ne. Ga iyali kuwa, ma'anarsa ita ce cikin kowane mutum shida, biyar ƙarinsu bai ragu yadda ake so ba. Raguwar ƙari kuma daban, warkewa daban.

Haka hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta kalli abin. A watan Yulin 2024 ta shawarci kamfanin da kada ya nemi amincewar gaggawa, tana mai cewa raguwar ƙari ba ta isa hujjar cewa mutane za su ƙara tsawon rai ba. Shi ya sa aka shirya babban gwaji na mataki na uku, ƙarƙashin ƙungiyar gwajin magungunan kansa ta Kanada, tare da asibitocin Faransa da Ostireliya da New Zealand. A irin wannan gwaji ana raba ɗaruruwan marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu sabon maganin, wasu kulawar da aka saba, a ga su wa suka fi daɗewa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A Faransa, tun 2025 hukumar magunguna ta ba da izini na musamman a ba wasu marasa lafiya wannan haɗin kafin a kammala gwajin, bisa sharuɗɗa masu tsauri, kuma likitan asibiti ne kaɗai ke iya nema.

Akwai kuma wani gwajin da sakamakonsa ya fito a 2025, inda aka haɗa atezolizumab da wata sabuwar ƙwaya, zanzalintinib, a kan mutum kusan 900. Rabin masu haɗin sun rayu wata 10.9, na tsohon magani wata 9.4. Nasara ce a lissafin masana, don an daɗe ba a ga irinta ba. A lissafin gida kuwa wata ɗaya da rabi ne, kuma illolin sun fi yawa a ɓangaren haɗin.

Matsalar hanta

A gwajin nan na botensilimab akwai abin da ya kamata kowa ya sani. Duka mutum 17 da ƙarinsu ya ragu, ba su da kansa mai motsi a hanta. Cikin waɗanda cutar ke cin hantarsu, ko ɗaya bai samu wannan raguwar ba. Ga shi kuma hanta ce zangon farko da kansar hanji ta fi sauka, domin jinin da ya taso daga hanji ta hanta yake fara bi.

Dalilin da masana ke bayarwa shi ne, hanta gida ce da aka halitta da haƙuri. Kullum abinci da ƙwayoyin hanji na ratsa ta, da za ta riƙa tayar da yaƙi a kan kowane baƙo da mun halaka. Saboda haka tana kwantar da sojojin da suka shigo ta, har ta kashe wasu. Kansar da ta fake a can ta samu mafaka. Idan takardar sikana ta nuna ƙari a hanta kuma cutar irin MSS ce, damar amfana da wannan haɗin ƙarama ce ƙwarai.

Sojan da aka saki yana iya harbin ɗan gari

Wasu na ɗauka tunda jikin mutum ne ke yaƙin, ai ba illa. Akwai. Sojojin da aka kwance kan juya su afka wa lafiyayyen hanji, mutum ya yi ta zawo har da jini. Suna iya taɓa huhu, hanta, fata, ko ƙulluwar nan ta wuya da idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Wasu na samun ciwon suga da ba su da shi a da. Idan aka haɗa magani biyu, illar ta fi ta magani ɗaya yawa. A gwajin botensilimab, kusan 9 cikin 10 sun samu wata illa, mafi yawa gajiya, zawo da zazzaɓi.

Yawancin waɗannan ana shawo kansu idan an gano da wuri, da magungunan da ke sake kwantar da garkuwar. Amma hakan na buƙatar gwajin jini a kai a kai, da likitan da ya san abin, da asibiti a kusa. Illar na iya tasowa watanni bayan an gama. Ba magani ba ne da za a sayo a aiko cikin jaka, a nemi mai allura na unguwa ya saka wa tsoho a gida. Zawon da wannan magani ya jawo, idan aka ɗauke shi zawon yau da kullum ne, yana iya huda hanji.

Mu nan fa?

Mu fara da kuɗi. A Amurka, farashin zubi ɗaya na pembrolizumab ya haura dala 10,000, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. Ya fi miliyan biyar na sefa ke nan, kuma duk mako uku ake maimaitawa, wani lokaci har shekara biyu. A watan Satumbar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin magungunan da ta ce wajibi ne ƙasashe su tanada, har da don kansar hanji irin MSI. Shiga jerin ba ya kawo maganin kanti gobe, amma yana ba gwamnatoci ƙarfin neman ragi.

Akwai wani bincike da ya shafe mu kai tsaye. A 2021, likitocin jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a kudancin Najeriya, tare da asibitin nan na New York, sun duba ƙarin marasa lafiyarsu, suka tarar kimanin 28 cikin 100 na waɗanda aka yi wa gwajin irin MSI ne, kusan ninki biyu na abin da ake gani a Amurka. Mutanen da aka duba ba su da yawa, kuma ƴan kudu ne. Duk da haka ya nuna cewa a Afirka ta Yamma wannan gwajin ba na ƙawa ba ne, don mai yiwuwa masu irin da ke jin magani sun fi yawa a cikinmu.

A Yamai akwai cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, wadda ta fara gashin kansa da na'ura a 2021 da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Gashi na da muhimmanci ga kansar ƙarshen hanji. Tiyata da shimiyo kuma su ne har gobe ginshiƙin maganin wannan cuta a duk duniya, har a Paris da New York. Ko wanda tasa ta taɓa hanta, wani lokaci ana iya yanke wurin a samu waraka. Kada jiran sabon magani ya sa a raina wanda ke hannu.

Ga ƴan'uwa da ke aiko da kuɗi

Ku ne ake kira da tsakar dare, kuma ku ne masu cuta ke hari. Kafin ku tura ko jika ɗaya don wani sabon magani, ku sa a tambayi likita waɗannan:

An ɗebi ɗan naman ƙarin an duba, wato biyopsi, an tabbatar kansa ce?

Mataki na nawa take? Ta taɓa hanta?

An yi gwajin MSI ko MMR? Idan ba a yi ba, ina za a yi shi?

Maganin da ake shirin bayarwa, don warkarwa ne ko don rage wahala da ƙara kwana?

Gwajin MSI a kan ɗan guntun naman nan ake yin sa, wanda ɗakin bincike ke adanawa cikin kaki irin na kyandir. Ana iya aika guntun wani gari ko wata ƙasa ba tare da an ɗaga mara lafiya daga gadonsa ba. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin tikitin jirgi da biza da masauki ba. A nan ya kamata kuɗin farko su tafi.

Maganin da ke matakin gwaji kuma ba a sayar da shi a kanti, balle a WhatsApp. A ƙa'ida, wanda aka ɗauka gwaji ba ya biyan kuɗin maganin, ana karanta masa takarda ya sa hannu da yardarsa, kuma yana da ikon fita duk ranar da ya so. Duk wanda ya ce ku turo kuɗi ya sa sunan mahaifinku a gwaji, ko ya aiko muku da botensilimab, ku riƙe aljihunku.

Idan gwaji ya nuna MSI, musamman ga wanda bai kai shekara 50 ba, ko gidan da kansar hanji ko ta mahaifa ta taɓa kama mutum fiye da ɗaya, a tambayi likita ko ta gado ce. Akwai irin da ake gada, ana kiran sa Lynch, kuma sanin haka na iya ceton ƴaƴa da ƙanne. Ku ma da ke waje ku duba kanku. A Faransa ana gayyatar duk mai shekara 50 zuwa 74 ya yi gwajin bayan gida kyauta duk shekara biyu. A Amurka daga shekara 45 ake farawa. Idan takardar ta zo, kada a jefa ta kwandon shara.

Idan kuma likita ya ce cutar ta wuce warkewa, ba a gama da mutum ba. Akwai maganin ciwo mai ƙarfi, akwai aikin da ke buɗe hanjin da ya toshe, akwai ƙarin jini. Mutum ya yi kwanakinsa cikin iyalinsa ba ya murƙususu, wannan ma magani ne, kuma ba gazawar ƴaƴa ba ce.

Ba kowane jini ne ɗankanoma ba

Abin da ya fi kashe mu a wannan cuta shi ne jinkiri. Mutum ya ga jini a bayan gida, ya ce ɗankanoma ne ko basur, ya sayi saiwa a kasuwa. Ya ce atuni ne, ya sha ƙwaya. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa, wata shida, shekara, sai ranar da ciki ya kumbura bayan gida ya ƙi fita, a ɗauko shi a amalanke. Sau da yawa basur ɗin ne da gaske. Amma ido ba ya rarrabewa daga waje, kuma mutum na iya samun duka biyun.

A je gidan likita idan aka ga jini a bayan gida yana maimaituwa, ko bayan gida ya yi baƙi. Haka idan yanayin fitarsa ya canja na makonni, yau zawo gobe taurin ciki, ko ya sirance, ko mutum ya riƙa jin bai gama ba. Haka ramar da ba dalili, da ƙarancin jini, da ciwon ciki da ya ƙi tafiya. Daga CSI ana iya tura mutum babban asibiti a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Likita zai duba da yatsa, in ya ga dama ya tura a leƙa hanjin da ƴar na'ura mai fitila, wadda ake kira kolonoskopi. Mata su nemi ma'aikaciya mace idan hakan ya fi musu sauƙi. Ba a kuma cewa ai yaro ne, don tana kama ƴan shekara 30 da 40.

Wasu na gudun tiyata saboda tsoron a fitar musu da hanji ta ciki a maƙala jaka. Ba kowa ake yi wa haka ba, kuma ga da yawa na ɗan lokaci ne, daga baya a mayar. Zancen alwala da salla kuwa, malamanmu na da bayani a kan mai larura, a tambaye su.

Masu bincike na can suna ta ƙoƙari a kan mutum 95 ɗin nan, kuma duk abin da babban gwajin ya nuna, in Allah ya kai mu, za mu kawo muku shi yadda yake. Kafin nan, wanda ya ga jini ya je a duba shi a wannan makon. Wanda aka ce masa kansa ce, ya tambayi wace iri kafin ya taɓa gonarsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri. Amin.